Kogin da Rana Take Cikawa

Da sunan Wanda Ya kafa duwatsu, Ya ɓoye wuta a cikinsu, Ya naɗa musu rawanin ƙanƙara, Ya hana ɗayan cinye ɗaya. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ce Huwaila 'yar Malam Isiyaku, mutuniyar Kazaure, wadda ta karanci ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a har malamanta suka riƙa sauya hanya idan sun hango ta da tambaya. Ga labarin tafiyata zuwa tsibirin Dalmas, can ƙarshen arewa bayan tekuna, inda ƙasa ke tafasa sama na daskarewa. Na ga wuta, na ga ƙanƙara, na ga ruwa mai faɗowa daga gajimare, amma duk cikinsu babu wanda ya wahalar da ni kamar ƙanen mahaifina.

A tsibirin nan akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Gurnau. A ƙugunsa wata tsohuwa take zaune, sunanta Yarmu, wadda ta san sauraron cikin ƙasa: ta kan faɗi inda ruwa ke kwance, da ranar da dutse zai yi tari. Ɗalibi ɗaya take ɗauka a shekara. Sharaɗinta shi ne ɗalibin ya iso ƙofarta kafin makiyaya su gama sauko da tumaki daga tuddai, domin makiyayin ƙarshe shi yake kulle ƙofar hanyar dutsen, ba a sake buɗe ta sai baɗi. Ni kuwa na taso a inda ake haƙa rijiya da ƙiyasi, talaka ya sayar da akuyarsa a haƙa masa rami, a tarar da busasshen dutse, a ce masa ƙaddara ce. Na ƙudurta sai na koyo abin da tsohuwar nan ta sani.

Da na faɗa a gida, aka kira taron dangi. Ƙanena Nafi'u, wanda da ƙyar aka tura shi ya gama sakandare, ya ƙetare ƙasashe shi kaɗai ba wanda ya ce uffan. Ni da na zo da shaidar jami'a a hannu, sai aka yanke hukunci biyu. Na farko, Baffa Jatau zai raka ni. Na biyu, idan tsohuwar ba ta karɓe ni ba, in dawo in zauna a shagon yadi na gidanmu ina auna atamfa, kada a sake jin kalmar dutse a bakina har abada. Na ce na yarda, haƙorana a cije.

Shi Baffa Jatau tsohon direban tirela ne. Ya yi ta kai da komo tsakanin Kano da Ikko har furfura ta cika masa kai, kuma ya yi imani babu wata hanya a duniya da bai san uwarta ba.

Muka sauka a tashar jirgin ruwa ta Dalmas. A ƙasar nan babu tashar mota, babu direban haya, babu kwandasta. Mai son tafiya ya ɗauki mota haya ya tuƙa kansa. Na je wurin wani mai jan gemu da ke ba da motoci, na yi masa magana da harshensu, wanda na koya kafin mu taso. Ni na duba tayoyi, ni na leƙa inji, ni na tambayi hanya. Duk amsar da zai bayar, Baffa yake kallo. Da muka gama, ya miƙa wa Baffa makulli.

Na ce, "Malam, da wa ka yi ciniki tun ɗazu? Da gemunsa?"

Ya ce, "Na ga shi ne babba." Sa'an nan ya ƙara da cewa a riƙe ƙofa da hannu biyu idan za a fita, kuma kada a tsayar da mota ta ba iska baya.

Baffa ya jefa makulli aljihu, ya ce, "Me jan gemun nan yake cewa?"

Na fassara masa. Ya yi tsaki. "Wannan da aka haifa jiya zai koya mini mota? Ina tuƙi tun uwarsa na tallan gyaɗa. Shiga mu je, 'yar boko."

Muka kama hanya. Ƙasa baƙa ƙirin, ta tsattsage kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a kan wuta, koren gansakuka ya lulluɓe ta wuri wuri. Tururi na fita daga ramuka da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daga nesa kogunan ƙanƙara sun sauko tsakanin duwatsu, farare da shuɗi, suna tafiya a hankali yadda ido ba ya gani. Ni ina kallon abin da na sha karantawa a littafi yana tsaye gabana. Baffa kuwa ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce, "Ƙasar da babu ko bishiya ɗaya da mutum zai sha inuwa, wa ya aiko mu?"

Can muka hango wani mutum yana gyaran shinge a gefen hanya. Baffa ya taka birki.

Na ce, "Baffa, mu wuce. Tumaki ba za su jira mu ba."

Ya ce, "Ba a wuce mutum kamar kututture. Boko ya koya muku lissafi, ya kwashe muku gaisuwa."

Ya tsayar da motar ta ba iska baya, ya buɗe ƙofa da yatsu biyu irin na manyan direbobi. Iskar Dalmas ta fizge ƙofar, ta ɓalle ta daga jikin mota, ta yi gaba da ita tana wuntsilawa a kan duwatsu. Ta cika babbar rigar Baffa, ta kife masa ita a ka, ya riƙa lalube yana salati. Mai shinge ya dube mu, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ci gaba da aikinsa. A Dalmas wannan ita ce cikakkiyar gaisuwa. Ni na bi ƙofar da gudu, ni na jawo ta, ni na ɗaure ta da igiyar kayanmu da gyalena sabo. Daga ranar, ta gefena Baffa yake shiga ya tsallaka zuwa sitiyari. Yini guda yana mita, ba a kan ƙofa ba, a kan mutumin da bai tambaye shi gajiya ba.

Washegari muka isa mafaɗar ruwan da suke kira Gashin Tsohuwa. Ya ku masu saurare, ban taɓa ganin irinta ba. Kogi guda ne ya zo bakin tsauni ya rasa ƙasa, ya zubo fari fat daga tsayin da sai wuya ya yi ciwo kafin ido ya kai ƙarshensa. Bakan gizo biyu suna tsaye a cikin feshinsa, rugugin kuwa a ƙirji ake jin sa.

Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Masha Allah. Ga wurin wankin mota."

Na ce, "Baffa, motar haya ce. Kuma iskar nan daga kan ƙanƙara take busowa. Ruwan da ka zuba zai daskare."

Ya ce, "Direban kirki ba ya wuce ruwa da ƙazamar mota. Ruwa ya daskare a jikin ƙarfe? Ke dai faɗi wata."

Ya naɗe hannun riga, ya kwarara mata ruwa tun daga rufi har taya, yana waƙe waƙensa na tasha. Kafin ya matse tsumma, motar ta shige cikin kwanson gilas. Ƙofata ta manne, ramin makulli ya toshe, birki ya kama tayoyi. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ja da baya, ya ce, "Wannan aikin mutanen ɓoye ne."

Abin da ke bakina bai dace da ƙanen uba ba. Na bi warin farar wuta har na sami wani rami yana tafasa a bayan tsauni. Da butar Baffa na riƙa ɗebo ruwan zafi ina zuba wa tayoyi da ramin makulli, in je in dawo, har tafin hannuna ya yi ja. Da tayoyi suka saku, muka tura motar kan wani fili mai huci, zafin ƙasa ya narkar da sauran. Nan rana ta faɗi mana. Yinin da ya kamata mu kwana a ƙofar Yarmu, mun ɓatar da shi a wankin motar wani.

Da sassafe muka iso Kogin Madara, wanda ruwansa fari ne da garin dutse. Shi ne shinge na ƙarshe, babu gada a kansa, sai mashigi. Daga ƙetarensa hanya ta miƙe zuwa ƙofar dutsen. Ana yayyafi, sanyi na shiga ƙashi, ruwan kuwa bai kai gwiwa ba, ana ganin duwatsun ƙasansa. Na yi hamdala, na ce, "Baffa, yanzu ne. Taka mu wuce."

Ya kashe mota, ya zare makulli, ya mayar aljihu.

"Ba a shiga kogi ana ruwan sama. Wannan ko karen mota ya sani. Na ga tirela uku da idona kogi ya tafi da su a daminar bara waccan, duk don gaggawa. Mu jira rana ta fito, ruwa ya janye."

Na haɗiye abin da na haɗiye, na yi masa bayani dalla dalla kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya. Na ce kogunan gida ruwan sama ke cika su, rana ta shanye su. Wannan kuwa daga ƙarƙashin ƙanƙara yake fitowa. Sanyi ne ke ɗaure shi, rana ce ke kwance shi. Idan ta fito ta narkar da ƙanƙara, zai cika ya batse.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Rana ta cika kogi! Abin da aka koya muku ke nan a jami'a? Gobe kuma za ki ce mini wuta ke kashe ruwa."

"Baffa, don girman Allah, ba ni makullin ni in tuƙa. Idan muka nutse, a ce ni ce."

"Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Babu rimi a ƙasar nan, Baffa, kai ka faɗa da bakinka!"

Ya shimfiɗa darduma a gefen mota, ya fito da kilishi, ya yi mini tayi. Na zauna a kan dutse ina kallon mashigi. Yayyafi ya ɗauke. Rana ta keto gajimare. Baffa ya nuna ta da guntun kilishi, ya ce, "Kin gani? Sauran kaɗan."

Duwatsun ƙasan kogi suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Muryar ruwa ta sauya daga raɗa zuwa gurnani. Kafin rana ta take tsaka, mashigin ya zama teku mai gudu, yana ɗauke da guntayen ƙanƙara, wasu kamar turmi, wasu kamar rumbu. Na ɗaga kai, sai na hangi abin da nake tsoro: gefen Gurnau baƙi ya fara yin fari fari, kamar an watsa auduga a kan gawayi. Tumaki ne suke saukowa.

Baffa ya tsaya a bakin ruwa, ya riƙe ƙugu, ya daɗe. Ya ce, "Wannan kogi ba shi da tarbiyya." Sa'an nan ya juyo, muryarsa a sanyaye. "To, Huwaila, Allah bai nufa ba. In yi alwala mu yi azahar, mu juya. Shagon yadi ma sana'a ce."

Ya tuɓe babbar riga, ya rataye ta a madubin mota, ya ɗauki buta ya tsuguna.

A gidanmu ba a sa hannu a aljihun babba. Tun ina ƙarama na san wannan kamar yadda na san sunana. Na dubi rigar, na dubi tumakin, na tuna atamfa. Na zura hannu.

Da Baffa ya ji inji ya tashi, ya miƙe da ƙafa ɗaya a wanke, yana kiran sunana har da na kakata. Ban nufi mashigi ba. Na bi gaɓa na yi sama a hankali, yana biye da ni da buta a hannu, har inda kogin ya bazu a kan baƙin yashi ya rabu reshe reshe kamar kitso. Inda ruwa ya yi faɗi yana surutu, nan ne ba zurfi. Inda ya tsuke ya yi luf, nan ne kabari. Na tsaya, na buɗe ƙofa.

"Baffa, ko ka shiga ko ka jira ni nan sai baɗi."

Ya shigo yana huci, amma da ya ga wurin zamansa ni ce a kai, sai ya koma kujerar baya. Ya leƙa ruwan, ya ce motar ba ta da nauyi, ruwa zai ɗaga ta, a loda mata duwatsu. Wannan karon gaskiya ya faɗa, na kuwa ce masa haka. Ya fita ya sunkuci wani ƙaton dutse da dukan ƙarfinsa, ya kusa faɗuwa da baya, don dutsen busasshiyar kumfar aman wuta ce, bai fi gurasa nauyi ba. Ya jefa shi a kogi cikin fushi, dutsen ya tafi yana yawo a saman ruwa kamar ƙwarya. Ya ce, "Innalillahi. Har duwatsunsu maƙaryata ne." Muka zazzage buhunan kayanmu, muka cika su da jiƙaƙƙen yashi, muka danne motar da su.

Na sa giya ta ɗaya, na yi bisimilla, na shiga. Reshe na fari ya kai rabin taya. Na biyu ya shigo ta ƙofar da aka ɗaure, ya jiƙa mana ƙafafu da sanyin da ya fi yankan wuƙa. Daga kujerar baya Baffa na ta ihu, "Kada ki ɗaga ƙafa daga totur! Kada ki ɗaga!" Na ce, "Na sani!" A tsakiyar babban reshe na hango ƙanƙara kamar rumbu ta nufo mu. In na tsaya, inji ya sha ruwa ya mutu. In na ƙara wuta, mu haɗu da ita goshi da goshi. Sai na karya sitiyari na bi ruwan, na ba ta baya, muka gangara tare kamar masu rakiya. Ta goge mana gindin mota da ƙara, ta wuce. Tayoyin gaba suka kama yashi, muka haye.

Muka miƙe hanya har muka isa ƙofar dutsen. Tumaki na kwararowa ta cikinta suna karkata zuwa kwarin gabas. Muka kutsa a tsakaninsu da ƙyar, muka shige, makiyayin ƙarshe na tsaye da sarƙa a hannu.

Ga Yarmu a gefen hanya, 'yar guntuwar tsohuwa da sandar ƙarfe. Ta dubi motar, ruwa da yashi na zuba daga ƙofofinta. Ta dubi rana. Ta ce, "Wa ya ƙetare Kogin Madara a wannan lokaci?"

Na ce, "Ni ce, Huwaila, ɗalibar da kike jira."

Ta ce, "Koma. Na binne ɗalibai masu ilimi da ba su da haƙuri. Wadda ta shiga kogi rana tsaka, za ta shiga bakin dutse yana tari."

Ni da na roƙa tun safe a ƙetare, ni za a kora da laifin gaggawa! Na ce, "Ina da dalili."

Ta ce, "Faɗi."

Na juya na dubi Baffa: ƙafa ɗaya da takalmi, wando a jiƙe, furfura duk yashi. In tsaya gaban baƙuwa in tona ƙanen ubana, da harshen da ba ya ji balle ya kare kansa? Na yi shiru, ina jin kamar in fashe.

Baffa ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce mu koma."

"Saboda me?"

"Saboda na shiga kogi da rana."

Ya ce, "Faɗa mata ni ne."

"Ba zan faɗa ba."

"Ke da bakinki bai rufu ba tun daga Kazaure, yau kika san kunya? Matsa."

Ya tsaya gaban tsohuwa. Ya zare makulli daga mota, ya nuna mata, ya jefa a aljihunsa, ya daddaɓe aljihun. Ya nuna ni, ya haɗa hannu biyu yana roƙo da siririyar murya wadda ban yarda tawa ba ce. Ya nuna kansa, ya girgiza kai, ya zauna daɓas a ƙasa yana tauna iska. Ya nuna rana, ya ɗaga tafin hannu daga gwiwa zuwa ƙugu zuwa wuya. A ƙarshe ya ɗora yatsa a goshinsa, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai gwada kabewa.

Yarmu ta yi dariya har ta jingina da sandarta. Da ta share ido, ta ce, "Tun yaushe ya riƙe makullin?"

Na ce, "Tun tashar jirgi."

Ta ce, "Wadda ta zauna daga safe zuwa azahar kusa da mutumin nan, ta san gaskiya, ba ta jefa shi a kogi ba, tana da haƙurin da ya ishi dutse. Shigo da kayanki."

Na durƙusa na yi godiya ga Allah. Na miƙe don in yi sallama da Baffa, in ba shi saƙon gida, in ja masa kunne ya ƙetare da sanyin safiya. Sai na ga ƙofar hanya a rufe, sarƙa a naɗe, ƙaton kwaɗo na lilo a jikinta. Makiyayin ya gaji da jiran wasan kwaikwayo, ya kulle, ya bi tumakinsa. Na ruga na kama ƙarfen ƙofar ina ƙwala masa kira. Daga can ƙasan kwari ya waigo, ya ɗaga mini hannu, ya ɓace.

Na tambayi Yarmu ko akwai wani makulli. Ta ce babu. Na tambaye ta yaushe za a buɗe. Ta ce idan ƙanƙara ta narke, bayan watannin da rana ba ta fitowa sam.

Da na juyo, Baffa ya riga ya karɓi sandar tsohuwa. Ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora kunne a kanta, ya lumshe ido yana gyaɗa kai irin na masana.

"Huwaila," ya ce, "faɗa mata dutsen nan nata injinsa na bugawa. Gobe da safe zan duba mata shi."

Iyakar abin da ya auku ke nan a hanyar Gurnau. Wanda ya ji, ya roƙa mini Allah haƙuri, domin dutsen da nake saurare yakan yi shiru wani lokaci.